Ragar makarantar Bomo

Tun da na ajiye walda, duk Kirsimeti idan kun taru a gidan nan na Muchia sai wani ya tayar da labarin ragar Bomo, kuma kullum a karkace kuke ba da shi. Wai Baba ya ɗaga kai ya dubi giginya sau ɗaya, ya san inda zai kafa ƙarfe. Ina jinku ina shiru, domin yabo da daɗi yake ko da na ƙarya ne. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara neman hutu, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun da sauran waɗanda za su ƙaryata ni idan na ƙara gishiri. Mamanku tana nan, kuma kun san ba ta bari a ƙara.

A shekarar nan babbar yayarku Hannatu tana aji uku a jami'a, can Samaru, tana karatun injiniyan gine-gine. Ni kuwa na fi shekara talatin ina ƙona ido a shagona na Sabon Gari. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, kejin kaji, ƙafar tankin ruwa, babu wanda ban yi ba. Maigidana da ya koya mini sana'ar, wani dattijon Bayarabe mai saurin mari, ya bar mini doka guda: aikin da ba za ka iya hawa kansa ba, kada ka miƙa wa mai shi. Haka duk 'yan layinmu suke yi har gobe. Ka gama tebur, ka haye kai a gaban mai saye. Ka gama ƙyaure, ka rataya a jikinsa ka yi lilo. Ni kuwa a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne, tumbina kaɗai ya isa shaida. Idan abu ya ɗauke ni, magana ta ƙare, kuma shekara talatin dokar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Cocinmu yana da 'yar ƙaramar makaranta a Bomo, aji biyu kacal, ta yara ƙanana, 'ya'yan manoma da na masu gadi da masu shara a jami'a. Malama Asabe ce ke riƙe da ita, mace gajera mai murya kamar ta soja. A bayan ajin ƙananan akwai wata tsohuwar giginya da ta karkato kanta daidai saman rufi. Rufin kuwa irin na da ne, farantan siminti masu tudu da kwari, waɗanda idan abu ya buge su ba sa lanƙwasa irin na kwano, sai su fashe kamar kasko. A hutun Ista na shekarar ɗan giginya guda ya faɗo, ya huda rufin, ɓaraguzai suka zubo a kan bencin gaba. Allah ya sa babu kowa a ciki. Wanda bai taɓa ɗaga nunannen ɗan giginya ba ba zai gane ba, abu ne kamar kan jariri, ga nauyi ga tauri.

Iyaye suka ce a sare ta. Dattijo Bulus, wanda mahaifinsa ya ba da filin makarantar kuma ya shuka giginyar da hannunsa, ya tashi tsaye a taron kwamiti.

"Ku fara sare ni tukuna," in ji shi. "Sannan ku sare ta."

Aka ce to a riƙa sa mai hawa yana yanko 'ya'yan tun suna ɗanyu. Malama Asabe ta ce ita ba za ta jingina kan yaranta da ranar da mai hawa ya ga dama ba. Nan na buɗe bakina, ni sarkin iyawa, na ce a bar mini. Zan shimfiɗa ragar waya mai kauri a saman rufin, duk abin da ya faɗo ta tare shi, giginya ta tsira, yara su tsira. Aka tafa mini.

Kwana huɗu na yi aikin. Na sayo raga mai ido ƙanana a kasuwar Sabon Gari, na yi mata firam na ƙarfe mai kusurwa, gida huɗu, na ɗora a kan gajerun ƙafafu bisa katangar ajin. Tsakanin raga da rufi na bar yatsu huɗu. Ranar da na gama, 'yan kwamiti suna tsaye a ƙasa, na hau tsani, na taka tsakiyar ragar da ƙafa biyu, na tsaya cak na riƙe ƙugu. Ta lotsa kamar yatsu biyu, ba ta ko kusa taɓa rufin ba. Dattijo Bulus ya share hawaye. Ranar Lahadi aka kira sunana a gaban jama'a, aka sa mini albarka, na dawo gida kaina ya fi hulata girma.

Ranar Talata Hannatu ta zo gida ɗaukar garin tuwo. Don in yi mata burga na ɗauke ta a mashin muka tafi Bomo. Ta hau tsanin, ta zura hannu tsakanin raga da rufi, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon giginyar. Ta sauko, muka dawo gida. Sai da mamanku ta ajiye mana abincin rana sannan ta yi magana, idonta a cikin kwano.

"Baba, ragar nan za ta taɓa rufin."

"Wace ragar?"

"Ta makaranta. Idan ɗan giginya ya faɗo daga can sama, za ta lotsa ta wuce yatsu huɗun nan, ta bugi rufin. Zai fashe kamar yadda ya fashe da farko."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce mata ni da na fi ɗan giginya arba'in nauyi na tsaya a kai, kwamiti suna kallo. Na ce tun ba a haife ta ba nake narka ƙarfe. Na ce shekara uku a Samaru har ta fara ganin ubanta jahili ne. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, domin har yau ina jin kunyarsu.

"Baba, tsayawa ka yi," in ji ta a hankali. "Shi kuwa faɗowa zai yi. Idan ka ɗora guduma a kan ƙusa, ko ka danna da ƙarfinka, ba ta shiga katako. Sai ka ɗaga ka buga."

Maganar ta shige ni nan take, domin babu mai riƙe guduma da zai ce bai san wannan ba. Amma shigar magana daban, yarda daban. Na tashi na bar abincin, na koma shago na yi ta dukan wani ƙarfe da bai yi mini laifin komai ba. Hannatu ta ɗauki garinta ta koma Samaru tana kuka, ni ban sani ba sai daga baya.

Da safe mamanku ta tare ni a bakin ƙofa ina shirin tayar da mashin. Kun san ta, ba ta ɗaga murya, sai dai ta tsaya a inda ba za ka iya wucewa ba.

"Baban Hannatu, da wani farfesa ne ya faɗa maka maganar nan, da ka cire hula ka ce na gode. Amma don 'yarka ce, ka wanke ta da zagi. Kai ne inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi."

"Ke ma kin koma injiniya ke nan?"

"Ni ban san ƙarfe ba. Na dai san ranar Litinin yara za su koma aji, kuma iskar farkon damina ta fara kaɗawa. Idan kai ne da gaskiya, me za ka rasa don ka gwada? Idan ita ce, kan ɗan wa kake so ya gaya maka?"

Na tayar da mashin na tafi. Na nufi shago, amma da na kai mahaɗar hanya sai na ga hannuna ya karya kan mashin zuwa Samaru. Na sami Hannatu ta fito daga aji. Ban ba ta haƙuri ba, ƙarya ne in ce na bayar. Cewa na yi kawai, to malama, zo ki nuna mini lissafin naki. Ta yi murmushi ta hau bayan mashin.

Abin da ta yi a Bomo ya ba ni mamaki, domin ban ga wata na'ura ba. Ta ce abu uku take nema: nauyin ɗan giginyar, nisan da zai faɗo, da taurin ragar. Nauyi, ta kai ɗaya wurin mai sayar da masara aka ɗora a sikeli. Nisa, ta kafa sanda a rana, ta auna sandar da inuwarta, ta auna inuwar giginya, ta fitar da tsawon bishiyar ba tare da kowa ya hau ba, ta cire tsawon ajin. Taurin raga kuwa, ta ja zare daga wannan gefen firam zuwa wancan, ta ɗora ɗan giginyar a tsakiya a hankali, ta duba tazarar da ta buɗe tsakanin zare da waya. Ɗan mitsitsi ne, bai fi kaurin farce ba. Na yi dariya na ce kin gani ko. Ba ta kula ni ba. Ta zauna a kan bulo da biro da bayan wani tsohon kati, ta ninka nisan faɗuwar sau biyu, ta sake ninkawa da wannan ɗan kaurin farcen, sannan ta nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da amsar. Ta miƙo mini tef ɗina na awo tana nuna wurin da babban yatsa.

"Wajen yatsu takwas, Baba. Ka bar huɗu."

"Daga kaurin farce zuwa yatsu takwas? Haba Hannatu."

"Duk ƙarfin da ya tara tun daga sama, a cikin ɗan lotsawar nan ragar za ta shanye shi. Dole ta nutsa. Amma ƙiyasi ne, ban ce daidai yake ba. Raga idan ta fara lotsawa wayoyinta suna ɗamewa, tana iya tsayawa kafin nan. Idan kuma ɗigon waldar gefe ya saki, ta wuce haka. Shi ya sa nake so mu jefa mu gani."

Wannan kalma, ban ce daidai yake ba, ita ta kwance ni. Ni a rayuwata ban taɓa ce wa mai aiki ƙila ba.

Ranar Asabar muka kwance gida ɗaya na ragar muka sauke shi, muka ɗora a kan bulo a gindin giginyar. Hannatu ta kwaɓa laka ta yi 'yan dogayen mulmule, ta jera su a ƙarƙashin ragar, kansu yana taɓa waya, domin ido ba zai iya kama lotsawar ba, amma laka za ta riƙe inda aka danne ta. A gefe ɗaya na tsakiyar kuma ta sa guntun tsohon rufin da ya fashe, yatsu huɗu ƙasa da raga, kamar yadda na yi a sama. Muka samo Ɗanlami, mutumin Bomo da ke hawan giginya, muka ɗaura masa igiya mai tsawon faɗuwar a ƙugu, ya hau da 'ya'yan giginya uku a buhu har igiyar ta miƙe. Ni na so a yi abin a ɓoye. Ina, Bomo ce. Kafin ya kai rabi Malama Asabe ta iso, Dattijo Bulus ya iso da sandarsa, har da 'yan jami'a masu haya a unguwar sun fito da burushi a baki.

Na farko ya kauce ya faɗi a ƙasa, ya yi rami. Na biyu ya sauka a tsakiyar raga. Ƙarar ba ta fi ta rufe ƙyauren mota ba, ɗan giginyar ya yi tsalle ya gangara gefe, ragar ta dawo kusan yadda take, har wani ya fara tafi. Hannatu ta durƙusa ta leƙa, ta kira ni da hannu. Guntun rufin ya rabu gida biyar. Na jawo mulmulen lakar da ke tsakiya, na ɗora yatsuna a inda ya danne. Bakwai.

Na tsaya da laka a hannu, ina ganin bencin gaba na ajin nan a idona, da irin kawunan da ke zama a kansa, masu kitso da masu aski. Tsoro ne ya fara zuwa, kunya ta biyo baya, kuma gara da suka zo a haka. Sai na juya na ce wa Hannatu, kin yi kuskure da yatsa ɗaya. Ta ce ta karɓi gyara. Malama Asabe ce kaɗai ta yi dariya.

Washegari a coci, bayan sanarwa, na ɗaga hannu na nemi magana. Wurin da aka sa mini albarka mako ɗaya da ya wuce, nan na tsaya na ce aikina bai yi ba, kada a sa yaro ko ɗaya a ajin nan sai na sake shi, kuma 'yata ce ta gano, ni na zage ta a kan haka. Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Wasu iyaye suka sake tayar da maganar sara, Dattijo Bulus ya dube ni kamar na ci amanarsa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Labari ya riga ni isa Sabon Gari. 'Yan layinmu suka sa mini suna ɗalibin Hannatu, duk wanda ya wuce shagona sai ya tambaya ko malama ta ba ni hutu yau. Wani mai gidan haya da ya yi mini alkawarin tagogin bene guda ya kai aikinsa wani wuri, wai ba ya son mai walda da ke shakkar hannunsa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Malama Asabe ta kwashe ƙananan zuwa cikin coci, ta ba mu mako biyu, ta ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba. Hannatu tana fitowa daga aji ta zo shago da takardunta, ni ina yanka ina haɗawa. Muka ɗaga ragar taƙi biyu sama da rufi, a kan ginshiƙanta na kanta da muka kafa a ƙasa, don kada bugun ya bi ta katanga. Muka ƙara haƙarƙarin ƙarfe a tsakiya. Ta so a ƙara da yawa, na ce a'a, idan ɗan giginya ya sauka a kan ƙarfe tsagwaro zai tarwatse ko ya yi tsalle ya faɗa tsakar makaranta, gara a bar raga ta karɓe shi da taushi. Ta sake lissafi, ta ce Baba kana da gaskiya. Kada ku ga daɗin da na ji. Gefen ragar kuma na ƙi amincewa da ɗigon walda, na matse shi tsakanin ƙarfe biyu da noti, domin na san yadda waya ke tsinkewa a bakin walda, abin da littafinta bai gaya mata ba. A mako biyun nan na san 'yata fiye da shekara ashirin da na yi ina ciyar da ita. A nan ne kuma na ba ta haƙuri, wata rana muna cin gyaɗa a bakin shago, ta ce ai ya wuce tun a kan mashin.

Da muka gama, Ɗanlami ya sake hawa, wannan karon har can ƙoli, ya saki uku a kan ragar tana wurinta. Laka ta nuna yatsu biyar, sauran fili kuwa har ka zura kai. 'Yan kwamiti suka ce in hau in tsaya kamar yadda na saba. Na ce na daina wannan wasan, laka ta riga ta yi magana. Yara suka koma ajinsu.

Kamar kwana goma bayan haka, wata Alhamis wajen sha ɗaya na safe, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kwasar kwanon rumfunan kasuwa. Ina tsakiyar walda na kashe inji, ban ko rufe shago ba, na hau mashin. Daga Sabon Gari zuwa Bomo ban san yadda na yi tafiyar ba, ruwa yana dukan fuskata, ni kuwa bakina addu'a kawai yake, wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Na san lissafi ya yi, na san laka ta nuna. Amma zuciya ba ta karatu.

Na iso ruwa ya fara tsagaitawa. Daga bakin hanya na hango su, 'ya'yan giginya huɗu zaune a kan raga, ɗaya ya fashe jan namansa ya bazu a waya. Rufin yana nan lafiya lau. Daga cikin ajin ina jin muryoyi suna bin Malama Asabe da ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Na jingina mashin na shiga jiƙe sharkaf, yaran suka miƙe suna gaishe ni. Na ɗaga kai na bi rufin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko tsaga babu.

"Mun ji su," in ji Malama Asabe. "Sau huɗu. Yaran nan har ƙirgawa suka yi, wai giginya tana buga ganga."

Sannan ta nuna mini bencin gaba da haɓa. Wata 'yar ƙarama, ba ta fi shekara huɗu ba, ta kifa kai a kan allonta tana barci, baki buɗe, yawu ya jiƙa hannun rigarta. Daidai saman kanta ne wanda ya fashe ɗin ya sauka. Na zauna a ƙarshen bencin kusa da ita, ruwa yana ɗiga daga rigata.

Malama Asabe ta matso za ta taɓa ta don ta tashi ta gaishe ni.

"Bar ta, Malama," na ce. "Bar ta ta yi barcinta."